Bushiya da Dangar Gayya

"Ga ta nan tafe, ga ta nanku."

"Ta ƙaraso mu ji ta, Iya."

To, ku matso. Tanimu, janye ƙafarka daga bakin murhu, ba ni da maganin ƙuna.

A wani gari na dabbobi, can bayan rafi, an yi wata Bushiya mai tagwaye, ana ce mata Uwar Biyu. Mijinta ya rasu tun yaran ba su yi ƙaya ba, bai bar mata komai ba sai ɗaki guda da 'yar garka a bayansa. Garka, ku 'yan zamani, ita ce ɗan lambun bayan gida da ake kewayewa da danga. Amma fa garka ce ta kirki. Ga kabewa kwance kamar 'yan maruƙa, ga barkono ya yi ja, ga yakuwa, ga gauta, ga kunyar dankali. Abin da za ta ci ke nan da 'ya'yanta har ɗari ya wuce, ba ta da wani rumbu a wani wuri.

Bushiya ba ta da rowa, ba ta da ƙyuya. Ciwonta ɗaya ne, zargi. In ka gaishe ta, ta ce me kake nema. In ba ka gaishe ta ba, ta ce me kake ƙullawa. In aka aiko mata da tuwon suna, sai ta kai shi hanci ta shinshina ta sake shinshinawa, yara na kuka, kafin ta yarda su sa hannu.

A garin nan, da damina awaki a turke suke kwana a turke suke wuni, don kada su yi ɓarna. In kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, sanyi ya fara leƙowa, sai mai gari ya sa a yi shela a sake su. Daga ranar kuma abin da akuya ta ci ta ci banza, ba ƙara, ba biya. Akuyar da ta yi wata da watanni tana kallon ɗanyen ganye daga turke kuwa ba ta san garkar marayu ba. Shi ya sa da an gama yankan dawa kowa yake ta kansa: a tara kara, a sabunta danga, a hau da harawa saman rumfa, a jibge itacen jin ɗumi, a shanya kuɓewa.

Ran nan sai ga Zakara, sanƙiran gari, yana zagaye yana cewa, "Mai gari na gaishe ku. Ranar Juma'a da hantsi za a saki awaki. Mai danga ya gyara, marar danga kada ya zo mana da kuka."

Bushiya ta dubi dangarta. Ruwan damina ya cinye ta, gara ta ƙarasa sauran. Kara dai ta tara, amma hannunta gajere ne, ba za ta iya ɗauri ita kaɗai ba. Ba don ranta ya so ba ta dama kunu ta kira gayya. Maƙwabta uku suka amsa: Malam Damo, da Yaya Zabuwa, da Baba Kunkuru, wanda abokin mijinta ne tun suna samari. Gefen yamma bangon ɗakinta ya tare, saura gefe uku. Damo ya kama gabas, Zabuwa ta kama kudu, Kunkuru ya ja jiki ya nufi arewa.

Da ɓawon kalgo suka yi ɗaurin, wanda aka jiƙa ya kwana a ruwa. Suna aiki suna raha, Bushiya na bin bayansu da ƙwaryar kunu, idonta a kan hannun kowa. Kafin la'asar Damo da Zabuwa sun gama. Kunkuru kuwa sai da rana ta yi ja yana nan tsugune a gefensa, yana ƙulle-ƙulle.

Da za su tafi Damo ya ce, "Uwar Biyu, abu ɗaya. Ɓawon nan yana bushewa yana ƙara damƙe kara. In ya bushe kuma aka kwance shi, ya tashi aiki, karyewa zai yi. Ki hana yara wasa da ƙullin."

Ta ce, "To, Malam, Allah ya saka." A ranta kuwa cewa ta yi: me ya sa ba ya so a taɓa?

Akwai maƙwabci na huɗu da ba a gayyata ba, Gizo. Shi duk kakar nan a wajen kiɗan kalankuwa ya ƙare ta, daga wannan ƙauye zuwa wancan. Ya dawo ya tarar an kwashe karan gonaki tas. Ba shi da na danga, ba shi da na hura wuta, ga sanyi ya fara shigo masa ta kowace kafa. Ya zauna yana kallon sabuwar dangar Bushiya, yana sosa ƙeya.

Washegari gayya ta koma gidan Damo, don haka ake yi, yau a yi maka, gobe ka je ka yi wa wani. Bushiya ta yi shiri za ta fita sai ta ji sallama ta bayan garka. Kun san Gizo da tsamin baki, amma haƙorana sun zube, ba zan iya kwaikwayonsa ba, ku ji ta a miƙe.

"Uwar Biyu, barka da samun danga."

"Tsaya nan inda kake. Ban yarda da kai ba, Gizo."

"Daidai kika yi. Ni ma da ni ne ke, ba zan yarda da ni ba. Kada ki buɗe mini, kada ki bari in taɓa ko kara ɗaya. Wucewa nake na ga aiki ya yi kyau. Wa ya ɗaura nan gabas?"

"Malam Damo."

"Af. To, sai an jima."

"Dawo nan. Mene ne af?"

"Ba komai, wata magana na tuna. An ce a wasu garuruwan mai ɗaurin gayya yakan bar ƙulli ɗaya sako-sako, daidai inda jikinsa zai shige. Daga waje ba a ganewa. Amma wasu garuruwa ne, ba namu ba. Malam Damo mutumin kirki ne, ko da yake da ciki yake tafiya, ƙasa-ƙasa."

"Sharri kake masa."

"Ni me na ce? Kada ki ɗauki maganata. Kina da ido, kina da hannu."

Ya yi gaba abinsa. Bushiya ta ji daɗi a ranta, ta ce yau ta kori Gizo bai ko matso kusa ba. Amma ƙafarta ta ƙi zuwa gidan Damo. Ta koma gabas ta ja ƙullin ƙasa, ta ji shi tam. Ta ja na kusa da shi, tam. Ta ce ai ƙullin munafunci ta ciki yake ɓoye rauninsa, sai an buɗe ake gani. Ta sa haƙori ta kwance ɗaya. Lafiyarsa ƙalau. Ta ce to na gaba ne. Na gaba ma ƙalau. Tana na gaba ne, na gaba ne, sai ga ta a ƙarshen layi, kara duk ya zube a kanta.

Ba ta samu ƙulli ko ɗaya mai ha'inci ba. Ta ɗauki ɓawo za ta mayar, ya ce ƙas, ya karye. Ta ɗauki wani, ƙas. Hankalinta ya tashi. Ta tattara karan ta jibge a bayan garka don kada mai wucewa ya gani, ta shiga ta ba yara abinci. Da ta fito, wurin wayam, ko ɓawo ba a bar mata ba.

Lantana, na ga bakinki yana motsi. Kin san wanda ya kwashe, ni ma na sani. Bushiya ce kaɗai ba ta sani ba.

Kashegari gayya na gidan Zabuwa. Sai ga Gizo, ya tsaya nesa, hannuwa a baya.

"Uwar Biyu, ina gabas ta tafi?"

"An sace mini karan. Kuma kada ka matso."

"Ina ni ina matsowa. Allah sarki. Wa ya san akwai kara mai kyau a nan, in ba wanda ya taɓa shi da hannunsa ba? Ban kama suna ba fa."

Bushiya ta yi tsaki ta ce, "Dama na faɗa. Haƙurin nan na Damo ba na Allah ba ne."

"Uhm. Tare suka zo, ko kowa da ƙafarsa?"

"Tare."

"Tare suka tafi?"

"Shi da Yaya Zabuwa, tare."

"To. Ni dai na hango ta a saman danga ranar nan. Mai ɗauri hannunsa yake kallo. Ita kuwa kanta sai juyawa yake, ya dubi kabewa, ya dubi barkono, ya koma kan kabewa. Wataƙila wuyanta ke ciwo. Kada ki ɗauki maganata. Kina da ido, kina da hannu."

Zabuwa fa tun da Allah ya yi ta haka take juya kai, ko a gidan makoki. Bushiya ta san haka sarai. Amma zargi in ya zauna a ciki ba ya tambayar abin da ka sani. Ba ta je gayya ba. Ta jingina turmi ta hau, ta kwance ƙullin sama na kudu. Ƙalau. Ta kwance na tsakiya. Ƙalau. Zabuwa har sau biyu take zagaya ɓawonta kafin ta ƙulle, don ta san ƙarfinta bai kai na Damo ba. Kafin azahar kudu ta bi gabas.

Wannan karon Bushiya ta ce ba za a yi mata na jiya ba. Ta zauna gadin karan. Sai ɗaya daga cikin tagwayen ya faɗa tukunyar ruwa, ta ruga ta tsamo shi, ta shafe shi, ta lallashe shi. Ta dawo, ba kara.

Ta yi tunanin zuwa wurin Damo ta faɗa masa gaskiya. Amma da wane baki? Kuma in shi ne ɓarawon fa? Ta ce a bari, ai arewa na nan, kuma Juma'a ba ta zo ba tukuna.

Ranar jajibiri gayya ta faɗa gidan Kunkuru. Gizo ya zo yana ɗingishi, wai sanyi ya kama masa gwiwa.

Tun kafin ya buɗe baki ta ce, "Kada ka ce komai a kan Baba Kunkuru. Abokin uban yaran nan ne. Shi ya yi masa wanka, shi ya kai shi makwanci."

"Haka ne. Ai shi ya sa ba wanda ya san garkar nan kamarsa."

"Tafi ka ba ni wuri."

"Tafiya zan yi. Abu ɗaya ne ya ɗaure mini kai. Damo ya gama da wuri, Zabuwa ta gama da wuri, shi me ya zaunar da shi har faɗuwar rana? Na san nawa gare shi, amma ƙulli nawa ne a gefe ɗaya? Sai dai in akwai abin da ake ginawa a ciki. Kada ki ɗauki maganata."

Sauran bai ƙarasa ba, don ya san ta haddace.

Bushiya ta daure. Ta share tsakar gida, ta kwashe busasshiyar kuɓewa ta zuba a tulu, ta yi wa barkono ban ruwa, duk don kada ta dubi arewa. Amma ido ya ƙi jin magana. Da rana ta karkata sai ta ce bari ta leƙa kawai, ba za ta kwance ba. Ta tura hanci cikin karan, sai ta ji gefen nan ya fi sauran kauri. Ta tura hannu. Ashe jeri biyu ne, wani a bayan wani, daga tsakiya har inda danga ta haɗu da bangon ɗaki, an kuma cusa ciyawa a tsakani.

 Ta ce, "Ga ta. Ƙofar ɓoye. Har da kai, Baba Kunkuru?" Hawaye ya zubo mata, don wannan ya yi mata zafi fiye da na sauran. Cikin fushi ta kama yaga, ba ma kwancewa ba, da haƙori da farce, tana neman inda ƙofar take buɗewa. Ta yage jeri na farko, ta yage na biyu, ta watsar da ciyawar. Ba ƙofa. Sai iska mai sanyi da ta shigo kai tsaye ta doki bangon ɗaki.

Karan nan ko gadinsa ba ta yi ba. Ta shiga ɗaki ta rungume yaranta, suna ta makyarkyata har gari ya waye.

Da hantsi Zakara ya yi shela, aka cire igiya daga wuyan awaki. Ku ji ƙafafu kamar ana sussuka. Bunsuru na gaba, ya ɗaga hanci ya shaƙi ƙamshin yakuwa, ya karkato da garke gaba ɗaya.

Ya ce, "Uwar Biyu, kowa ya rufe mana, ke kaɗai kika buɗe ƙofa har uku. Allah ya bar zumunci."

Ta ruga gabas ta baje ƙaya, suka shiga ta kudu. Ta ruga kudu, suka shiga ta arewa. Ta soki hancin wata akuya, goma suka tsallake ta. Barkono, yakuwa, gauta, ganyen dankali, har saiwa suka tumɓuke. Kabewa suka farfasa da kofato suka cinye. Cikin turmutsitsin ta hango babbar kabewarta, wadda ta ajiye don iri, tana gangarawa waje ita kaɗai kamar mai ƙafa, amma ba ta da sararin bin ta.

Kukan tagwaye ne ya jawo maƙwabta. Damo ya zo yana zabga wutsiya, Zabuwa na ƙara tana tsattsagar idon awaki, aka samu aka kore su. Kunkuru ya iso bayan an gama, kamar kullum. Garka ta zama fili, sai kashin awaki.

Zabuwa ta ce, "Ikon Allah. Dangar da muka ɗaura da hannunmu, awaki suka cinye ta har da karan?"

Damo ya sunkuya ya ɗauki guntun ɓawo, ya juya shi. Ya ce, "Wannan ba haƙorin akuya ba ne. Ƙananan haƙora ne."

 Bushiya ta sunkuyar da kai ta ce, "Ni ce."

"Ke? Don me?"

"Ina neman ƙullin da kuka bari sako-sako, na shigowa sata."

"Kin samu?" in ji Damo.

"Ban samu ba, Malam."

"A nawa fa?" in ji Zabuwa.

"Ban samu ba, Yaya." Ta juya wajen Kunkuru. "Amma Baba, naka jeri biyu na tarar, da ciyawa a tsakani. Me ka ɓoye a ciki?"

Kunkuru ya nuna arewa. Sannan ya ce, "Ta nan sanyi yake bugowa, kuma bayan bangon nan yaran suke kwana. Ubansu haka yake yi duk shekara. Karanki bai isa ba, na ƙaro da nawa."

Bushiya ta dubi ciyawar da ta watsar da hannunta.

Sai Zabuwa, da kan nan nata mai juyawa, ta hango hayaƙi daga gidan Gizo. Suka nufi can. Ga sabuwar danga ta kewaye ɗakinsa, wani karan har da guntun ɗaurin Zabuwa mai zagaye biyu a jikinsa. Ga Gizo ya miƙe ƙafafu takwas a gaban wuta, tukunyar kabewa na tafasa.

Bushiya ta ce, "Ɓarawo."

Ya ce, "A'a, Uwar Biyu, a bi a hankali. Na taɓa dangarki tana tsaye? Kin buɗe mini ƙofa? Sau nawa na ce kada ki ɗauki maganata? Abin da aka zubar a bayan gida na tsinta. Kabewa kuma daga bakin awaki na cece ta, godiya ma ya kamata a yi mini."

Damo mai haƙuri ne, amma ran nan ya ɗaga wutsiya. Gizo ya yi tsalle ya shige tsakanin kara, ya lafe. Har gobe in kuka duba danga za ku gan shi a can, yana leƙen masu gida.

Suka kwaso abin da ya rage na karan, suka tare wa tagwaye bangon arewa. Garka kam ta tafi, sai wata damina. Ɗarin shekarar nan a ƙofar maƙwabta Bushiya ta ci abinci, yau gidan Damo, gobe gidan Zabuwa, ba wanda ya taɓa yi mata gori, kuma rashin gorin ya fi gorin ciwo.

Wata safiya sai ga Kunkuru tafe da ɗan gora. Ya ce, "Irin kabewa ne, na gauraya shi da toka don kada ƙwari su ci. Ki rataye shi a ɗaki har ruwa ya sauka. Asalinsa daga garkar mijinki na samo."

Ta sa hannu biyu ta karɓa. Kafin ta ankara, goran ya kai hancinta, tana shinshinawa. Ta ɗago ido, ta ga Kunkuru na kallonta.  Kunya ta rufe ta, ta saki goran, ta cusa kanta cikin cikinta ta dunƙule. Tagwayen ne suka ɗauka suka ce, "Mun gode, Baba."

Tun daga ranar, in bushiya ta ji tafiyar wani ta nufo ta, sai ta dunƙule ta ɓoye fuska. Mutane na cewa tsoro ne. Ni kakata ta ce mini kunya ce.

To kun ji. Ba a ce ku yarda da kowa ba, don Gizo na nan bai mutu ba. Amma wanda ya zo ya ce muku duk masu taimakonku maciya amana ne, ku fara tambayar kanku shi me zai samu in kun rabu da su. Kuma abin da aka ɗaura muku da zuciya ɗaya, kada ku kwance shi don neman laifi, ba kullum yake komawa ba.

Kungurus kan kusu, ya gangara ya faɗa toka. In akwai ƙarya a ciki, Gizo za ku tuhuma, ba ni ba. Tanimu, jawo ƙyauren nan, sanyi na shigowa.